Haɗa Kai da Ba da Haɗin Kai: Sharhi a kan Hausar 'Yan Jam'iyya a Ƙasar Yawuri, Zaɓen 2023

1. Maƙasudi

Kalmar jam'iyya daga Larabci Hausa ta aro ta. Tushenta ɗaya da jama'a, da jam'i, da Jumma'a, da jami'a, dukansu kuwa ma'anar taruwa su ke ɗauke da ita. Saboda haka wanda ya ce jam'iyya ta rabu ya faɗi magana mai cin kanta, kamar a ce taro ya watse amma yana nan zaune. Duk da haka, in zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, ba maganar da ta fi wannan yawa a bakin 'yan siyasa da masu karanta labarai a rediyo.

Wannan takarda sharhi ce a kan irin Hausar da a ke yin wannan magana da ita, watau kalmomin da a ke kiran haɗuwa da rabuwa da su, da yadda a ke gina jimlolinsu, da abin da ginin nan ya ke bayyanawa, da wanda ya ke rufewa. An ɗauki zaɓen 2023 a Jihar Kebbi don misali, an kuma tsaya a ƙasar Yawuri, watau ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, waɗanda ke bakin kogin Kwara da tafkin Kainji. Abin da a ke so a nuna guda ne. Hausa tana da gini biyu masu kama da juna, "haɗa kai" da "ba da haɗin kai", amma ma'anarsu ta sha bamban ƙwarai. Shugabannin jam'iyyu sun saba faɗin na biyun a inda mabiyansu ke jiran na farkon, sa'an nan in abin ya lalace, sai a nemo aikatau marar mai aikatawa a ba da labarin lalacewar da shi.

2. Ƙasar da harshenta

Dalilin zaɓen Yawuri shi ne, a nan Hausa tana da wani aiki wanda ba ta da irinsa a Kano ko Katsina. Ƙasar ta tara Gungawa, mutanen tsibirai, da Kambari, da Shangawa, da Dukkawa, da Lopawa, da Sarkawa masunta, da Fulani, da Hausawa. Da yawa cikinsu suna da harsunansu na gida, amma da Hausa su ke ciniki a kasuwar Yelwa da ta Wara, da ita a ke shari'a, da ita kuma a ke neman ƙuri'arsu. Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, wanda ya yi bincike a kan tarihin Yawuri na ƙarni na 19, ya nuna cikin littafinsa na 1978 yadda fatauci da zaman baƙunci suka kai Hausa nesa da gidanta. Yawuri tana cikin wuraren da a ke ganin wannan a fili. Harshen da ya haɗa ƙabilu da yawa haka, in aka karkata ma'anar wata kalma a cikinsa, ɓarnar ta fi ta wani wuri yawa, domin mai sauraro ba shi da wata kalma ta tarayya da zai koma gare ta.

Mutanen kuwa sun san haɗuwa da rabuwa tun ba a bakin 'yan siyasa ba. Da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya rufe tsibirai da garuruwa, aka ta da mutum kimanin 44,000 a ƙasashen Yawuri da Borgu, aka sake musu mazauni. Wanda kakansa ya bar gungu bisa umurnin hukuma ya san bambancin abin da aka yi shawara da shi a kai da abin da aka sanar da shi kawai.

A tsarin zaɓe, ƙananan hukumomin nan uku mazaɓa ɗaya ce ta Majalisar Wakilai. A Majalisar Dattijai kuwa an haɗa su da ƙasar Zuru, su ne Kebbi ta Kudu. Gwamnan farar hula na farko a jihar, Alhaji Abubakar Musa, Garkuwan Yawuri, wanda ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993 a jam'iyyar NRC, ɗan wannan ƙasa ne. Daga 1999 zuwa zaɓen 2023 kuwa, gwamnoni huɗun da aka zaɓa, watau Adamu Aliero, da Sa'idu Ɗakingari, da Atiku Bagudu, da Nasir Idris, duk daga masarautar Gwandu suka fito. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don zai yi amfani in an zo ga kalmar karɓa-karɓa.

3. Abin da ya auku

Manyan jam'iyyun nan biyu duk da tsaga a jikinsu suka shiga zaɓen 2023. A PDP, Rabi'u Musa Kwankwaso ya fita cikin Maris 2022, Peter Obi ya bi bayansa cikin Mayu. Ran 28 ga Mayu aka yi zaɓen fid da gwani a Abuja, Aminu Waziri Tambuwal ya janye wa Atiku Abubakar, Atiku ya sami ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya sami 237. Daga nan gwamnoni biyar, Wike na gabansu, suka ƙi yi wa ɗan takarar jam'iyyarsu yaƙin neman zaɓe, suna cewa bai kamata ɗan takara da shugaban jam'iyya duk su fito daga Arewa ba. Ran 25 ga Fabrairu 2023 Bola Tinubu na APC ya ci da ƙuri'a 8,794,726. Atiku da Obi da Kwankwaso, waɗanda a 2019 inuwa ɗaya su ke, in an tara ƙuri'unsu sun kai 14,582,740.

A Kebbi kuwa APC ce ta tsage. Gwamna Atiku Bagudu shi ne shugaban ƙungiyar gwamnonin APC na ƙasa duka, yana kuma cikin gwamnonin Arewa da suka tsaya a kan takarar ta koma Kudu. Amma a gidansa saɓani ya yi tsanani a kan shugabancin jam'iyya da fid da 'yan takara, har cikin Yuni 2022 Sanata Adamu Aliero da Sanata Yahaya Abdullahi, wanda a lokacin shi ne jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattijai, suka koma PDP. A 2019 Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a 581,552 a jihar, Atiku ya sami 154,282. A 2023 Atiku ya sami 285,175, Tinubu ya sami 248,088. PDP ta kwashe kujerun dattijai uku duka: Aliero ya ka da Bagudu a Kebbi ta Tsakiya, Yahaya Abdullahi ya riƙe ta Arewa, Garba Musa Maidoki ya ka da Bala Ibn Na'Allah a ta Kudu. Duk da haka mazaɓar Yawuri da Shanga da Ngaski ta mai da Dokta Yusuf Tanko Sununu na APC Majalisar Wakilai, kujerar gwamna kuma, bayan an ƙarasa zaɓenta ran 15 ga Afrilu, ta tafi ga Nasir Idris na APC. Cikin Agusta 2023 aka naɗa Bagudu da Sununu ministoci. Cikin Mayu 2025 sanatocin nan uku suka shiga APC.

Wannan shi ne labarin a taƙaice. Sauran takardar a kan yadda a ke faɗinsa ne.

4. Gini biyu

"Haɗa kai" aikatau ne da karɓau. Sharaɗinsa shi ne masu aikatawa su wuce ɗaya. A kan ce "sun haɗa kai", ko "ya haɗa kai da su". Mutum guda ba ya haɗa kai shi kaɗai, sai fa da gwiwa, wannan kuwa zaman baƙin ciki ne. Cikin wannan gini kowa ya kawo kansa, ba mai bayarwa, ba mai karɓa. Abin lura kuma, kai ɗin tilo ne ko da mutane dubu ne, amma in aka zo ga kishiyarsa sai a ji jam'i ya fito, a ce "rarrabuwar kawuna". Harshen da kansa ya nuna cewa ra'ayi ɗaya a ke nufi, wanda aka kai gare shi bayan an ji ta bakin kowa.

"Ba da haɗin kai" dabam ya ke. A nan an mai da aikin suna, sunan kuma ya zama kaya, abin da a ke bayarwa, a nema, a samu, a hana. Da ya zama kaya, tilas a sami mai miƙawa da mai karɓa, ba a kuwa ruɗewa a kan wane ne wane. Wannan Hausar sanarwar hukuma ce. Ita a ke ji in za a ƙidaya mutane, ko za a yi rigakafi, ko karɓar haraji, ko 'yan sanda na bincike: "ana roƙon jama'a su ba da haɗin kai". A wurinta daidai ta ke, domin ma'aikacin rigakafi ba shawara ya zo nema ba. Amma da ta shiga jam'iyya sai ta zo da matsayinta. Shugaba ya kan ce wa mabiya "ku ba mu haɗin kai", da wuya a ji shugaban mazaɓa ya dubi gwamna ya ce "ka ba ni haɗin kai". Abin da ke hawa sama kullum, ba ya saukowa, sunansa na gaskiya biyayya.

Aibin ba ga neman biyayya ya ke ba, kowace ƙungiya tana bukatarta. Aibin shi ne kiranta da sunan wani abu. In an riga an tsai da ɗan takara a Birnin Kebbi ko Abuja, sa'an nan aka zo Yelwa aka tara mutane aka ce a haɗa kai, to an yi amfani da ginin farko ne don a cim ma bukatar na biyun. Masu sauraro kuwa ba su rasa gane wannan ba. Shaida ita ce kalmar da suka ƙera wa abin, "ɗauki-ɗora", aikatau biyu a jere, kamar yadda a ke yi wa kaya a kan jaki. Shugabanni kuma suna da tasu kalmar ga abu gudan nan, ita ce "masalaha", wadda asalinta gyara da sulhu ne. Aiki ɗaya, suna biyu, gwargwadon inda mai magana ya tsaya.

Ga wannan ma'auni ya kamata a auna "karɓa-karɓa". Ita ce kalmar da rigimar 2022 ta kewaya a kanta, a PDP da APC duka. An gina ta da maimaita aikatau ɗaya don nuna bi da bi, gini ne mai kyau, mai sauƙi a baki. Amma rabin aikin kaɗai ta ambata. Ba a karɓa sai wani ya saki, kalmar kuwa ba ta ce kome a kan sakin ba. Shi ya sa kowa ke sonta sa'ad da ya ke jira, ya manta da ita sa'ad da abin ke hannunsa. Mutumin Shanga ko Ngaski da ya ji manyan jiharsa suna kare karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu yana da hujjar ya tambaya ko kalmar tana aiki tsakanin masarautun jihar huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru.

5. Aikatau marar mai aikatawa

Masu nazarin nahawu sun san yadda F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya kasa aikatan Hausa aji bakwai cikin 1960. Abin da ya shafi wannan sharhi shi ne bambancin aji na ɗaya da na bakwai. "Raba" na aji na ɗaya ne, yana bukatar wanda ya raba da abin da aka raba. "Rabu" na aji na bakwai ne, abin da aikin ya faɗa wa shi ke zama a gaba, ba kuwa hanyar da za a liƙa masa mai aikatawa. Ba a cewa jam'iyya ta rabu ta hannun wane, sai a Hausar fassara. Tsakanin waɗannan biyu akwai lamirin nan "an", wanda ya yarda mutum ne ya yi aikin amma ya ƙi faɗin sunansa. Matakai uku ke nan:

Wane ya raba jam'iyya.
An raba jam'iyya.
Jam'iyya ta rabu.

Kowane mataki ya fi na bisansa nisa daga mai laifi. Wanda ya saurari labaran siyasa da kyau zai tarar na ukun ya fi yawa, tare da 'yan'uwansa na aji na huɗu waɗanda ba su ɗaukar karɓau: "jam'iyya ta dare gida biyu", "rikici ya ɓarke". Har wa yau a kan ce "ɓaraka ta kunno kai", sai ka ce tsiro ne ya fito bayan ruwan farko. Cikin waɗannan jimloli duka rabuwa ta zama kamar ambaliya ko fari, abin da ke sauko wa mutane, ba wanda za a tuhuma.

Kowane ɓangare yana da matakin da ya fi so. Waɗanda suka fita sun fi riƙon na tsakiya: "an zalunce mu", "an mai da mu saniyar ware", "an ƙwace jam'iyya". Suna so a san da hannun mutum a ciki, amma ba su son rufe ƙofar dawowa da ambaton suna. Waɗanda suka zauna kuwa, in ba su ce ta rabu ba, sai su ce "sun ɓalle". Wannan aikatau shi a ke yi wa maɓallin riga, da akuyar da ta tsinke igiya. Mai faɗinsa ya yarda ke nan, ko bai sani ba, cewa da ma ɗaure su ke.

Ba za a ce wannan duk makirci ne ba. Kunya da kawaici suna cikin ladabin Hausa, mai karanta labarai kuma yana tsoron ƙarar ɓata suna. Sakaya suna ya sha hana ƙaramar rigima zama babba. Amma akwai farashi. Mutumin da aka gaya wa jam'iyya ta rabu ba shi da wanda zai tambaya dalili. In kuwa bayan shekara uku aka ce masa "an ɗinke ɓaraka", ba shi da hanyar sanin abin da aka yi ciniki a kai, domin ɗinkin ma da "an" aka yi shi.

6. Tsintsiya, gida da sheƙa

Bayan nahawu sai kamance. APC, wadda aka yi wa rajista cikin Yuli 2013 bayan ACN da CPC da ANPP da wani sashe na APGA sun narke wuri ɗaya, alamarta tsintsiya ce, ta kuwa tarar da karin magana yana jiranta, na tsintsiya mai maɗauri ɗaya. Kamancen yana da ƙarfi, amma in an bi shi zuwa ƙarshe sai ya tona abin da ba a so. Tsinkayen tsintsiya ba su shawarci juna ba, abin da ya tara su daga waje ya ke. A Arewa maɗaurin nan Buhari ne. Ranar da sunansa ya fita daga takardar ƙuri'a, ƙuri'un jam'iyyarsa a Kebbi suka ragu da fiye da rabi. Lemar PDP ma haka ta ke: mutum ɗaya ke riƙe da ita, saura suna fakewa, wanda ya ke gefe shi ruwa ke duka.

Kamance na biyu na gida ne. Akwai "uwar jam'iyya", da "iyayen jam'iyya", da "'ya'yan jam'iyya", da "uban gida", rigima kuma "ta cikin gida" ce. Amfanin wannan ga shugaba a bayyane ya ke. Ɗa ba ya jayayya da uwa, abin cikin gida kuma ba a kai shi waje. Da kalma guda an mai da mai ƙorafi marar kunya, an kuma gaya wa mai zaɓe cewa ba ruwansa. Wanda ya zauna cikin gidan yana yi wa ɗan takara aiki a ɓoye don ya faɗi, shi ne mai "zagon ƙasa", kamar gara mai cin gini ta ƙarƙashi. Wannan ita ce kalma mafi zafi cikin jerin, an kuwa ajiye ta ga wanda ya ƙi fita.

Wanda ya fita fa? Shi "sauya sheƙa" ya yi. Tsuntsu ne ya bar wani reshe ya koma wani, ba laifi, ba nauyi, ba kuma wanda ya tambayi ƙwan da aka bari. In ya komo sai a ce "ya dawo gida". Tarihin mutum biyu ya isa misali. A 2011 Aliero yana CPC, Bagudu yana PDP, suka nemi kujerar Kebbi ta Tsakiya, Bagudu ya ci. A 2015 duk suna APC, ɗaya gwamna, ɗaya sanata. A 2023 Aliero yana PDP, Bagudu yana APC, suka sake karawa a kan kujerar nan, Aliero ya ci. A 2025 suka sake zama jam'iyya ɗaya. Dokar ƙasa ta ba kowa ikon shiga ƙungiyar da ya so, ba a kuwa nufin zargin kowa a nan. Abin tambaya shi ne ko kalmar da ta kwatanta tafiye-tafiyen nan da tashin tsuntsu ta ba mai zaɓe abin da zai auna su da shi.

In aka gwada da abin da ya gabata sai a ga an yi hasara. Da PRP ta tsage cikin 1980, tsakanin Malam Aminu Kano da gwamnoninsa biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, mutane suka sa wa ɓangarorin suna 'yan taɓo da 'yan santsi. Sunayen nan hali su ke faɗi, ɗaya ya kafe inda ya ke, ɗaya ya zame, kowane kuma ana iya jinsa yabo ko zambo. Saɓanin ma a kan hanya ne, watau da wa za a yi ƙawance, da wa za a yi adawa. Yanzu kuwa tsagi da sunan mutum a ke kiransa, "tsagin wane", ko a ƙara wa sunan ɗafin nan na -iyya, irin na Ƙadiriyya da Tijjaniyya, a sami Kwankwasiyya da Gandujiyya. Sunan ɗariƙa mubaya'a ya ke nema. Ba ya gaya wa kowa abin da aka saɓa a kai.

Nan ne abin ya shafi Yawuri kai tsaye. Ran 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara da mutum fiye da 150, kaɗan suka tsira. Ran 17 ga Yuni na shekarar nan 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, 'yan mata 11 daga cikinsu kuwa suna hannun ɓarayin har aka yi zaɓen shugaban ƙasa aka gama. Ba a ce 'yan siyasa ba su yi jaje ba, ko ba su yi ƙoƙari ba. Amma ba tsagin da aka kira da sunan lafiyar jiragen ruwa, ko tsaron makarantu. Dalilan da aka bayar na fita cikin Yuni 2022 na shugabancin jam'iyya ne da fid da 'yan takara. Hausar gida da sheƙa ba ta da gurbin da za a sa Wara a ciki.

7. Amsar masu zaɓe

Masu zaɓe ma suna da kalmominsu, sun kuwa fi na shugabanni faɗin gaskiya. Tun daga 2003, zamanin da Buhari ya fara takara, kalmar "sak" ta shiga siyasa, ma'anarta a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da duban mutum ba. Sak ita ce ba da haɗin kai a rumfar zaɓe. Kishiyarta "cancanta", watau a duba kowane ɗan takara shi kaɗai, sakamakonta kuma shi a ke kira "wake da shinkafa". Wannan kamance ya fi tsintsiya daidaito, domin tukunya ɗaya ce, amma kowace ƙwaya ana ganinta da kamanninta, mai dafawa kuma shi ya auna.

Abin da Kebbi ta dafa ke nan a 2023. Ran 25 ga Fabrairu takarda uku aka miƙa wa kowane mai zaɓe. Jihar ta ba PDP shugaban ƙasa da dattijai, bayan mako uku ta karkata ga APC a zaɓen gwamna. Kebbi ta Kudu ta aika sanatan PDP, Yawuri da Shanga da Ngaski suka aika wakilin APC. Masu cewa talakan karkara alama kaɗai ya sani, ya ga tsintsiya ko lema ya dangwala, wannan sakamako bai goyi bayansu ba. Mutanen da ke tseren kwalekwale a bikin Rigata sun san jirgi ba ya tafiya sai matuƙa sun buga ruwa tare, sun kuma san mai riƙe da akalar yana cikin jirgin, in ya kife da shi zai kife. Wannan shi ne haɗa kai na ginin farko. In aka nemi na biyun a wurinsu da sunan na farkon, suna iya amsawa da baki a filin taro, su ba da tasu amsar a akwati.

8. Abin da ya rage ga malamai

Ba aikin mai nazarin harshe ba ne ya gaya wa kowa jam'iyyar da zai bi, ba kuwa zai iya hana kalma sauya ma'ana ba. Amma yana iya nuna inda ta sauya, da wanda ya ci ribar sauyin. Malaman kwalejojin horon malamai suna da hanya mai sauƙi. Darasin ajin aikatau, wanda ɗalibai kan ɗauka haddar ƙarshen kalmomi ce kawai, ana iya koyar da shi da sanarwar jam'iyya guda da aka ji a rediyo. A sa ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ya faɗi ajinsa, sa'an nan ya sake rubuta jimlar da aikatau na aji na ɗaya. Duk inda ya kasa saboda bai san wanda zai sa a gaba ba, to ya gano abin da aka ɓoye masa. Haka kuma duk inda ya ga "haɗin kai", ya tambaya wa ke bayarwa, wa ke karɓa, da me kuma za a sāka.

Akwai kuma aikin tattarawa. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun riga siyasar jam'iyyu ta zamani, kalmomi irin su ɗauki-ɗora da karɓa-karɓa da sak, da ma'anarsu ta siyasa, a bakin mutane su ke yawo, waɗansu kuma kan mutu da zaɓen da ya haife su. Ɗaliban da suka fito daga Yelwa da Wara da Shanga suna da abin da na Kano ba su da shi, domin suna iya bincika yadda Bagunge ko Bakambare ke juya "haɗin kai" zuwa harshensa in ya koma gida daga wurin taro, da ko harshen nasa ya yarda ya kira shawara da biyayya da suna ɗaya.